Minti Goma na Mama a Kafarnahum

Ranar Lahadin da Fasto ya yi sanarwar da Turanci, ban ma ji ƙarshenta ba, don tun daga kalmar Galili Mama ta damƙe mini hannu.

"Me ya ce? Ke, me ya ce a kan Galili?"

"Mama, bari a tashi mana."

"A tashi ina? Faɗa mini yanzu."

Mama mahaifiyata ce. A lokacin shekararta shida a gidana da ke garin McLeansville, can ƙasar Turawa. Renon ɗana na biyu ya kawo ta daga ƙauyenmu a ƙasar Zazzau, reno ya ƙare, ita ba ta koma ba. Turancinta bai wuce gaisuwa da godiya ba, amma sunan gari in dai na cikin Littafi Mai Tsarki ne, ko da wane harshe aka faɗe shi sai kunnenta ya kama.

Dole na raɗa mata. A ginin da muke sujadar Hausa da yamma, Turawa ke yin tasu da safe. A cikinsu akwai wani dattijo, tsohon malamin jami'a, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tonon tsofaffin garuruwa a can ƙasa mai tsarki. Shi ne zai ja mutum ashirin tafiyar kwana goma sha biyu, ya kuma ware wa 'yan ikilisiyarmu gurbi biyar. Fasto ya ja kunne cewa wannan ba irin ziyarar da muka sani a gida ba ce, wadda za a je a yi waƙa a yi addu'a a dawo da tsaraba. Tafiyar karatu ce. Za a yi darasi kafin a tashi, za a yi tafiyar ƙafa sosai, sannan kowa sai ya tsaya a wani kango ya yi wa sauran bayani na minti goma.

Mama ta ce, "Rubuta sunana."

Wayyo, gidanmu a watannin nan! Kafin fasfo ya dawo da biza, babu wanda bai ji labari ba daga birnin Greensboro da ke kusa da mu har ƙauye. In na dawo daga aiki a asibiti, tun daga bakin ƙofa nake jin muryarta a waya: "E, da ƙafata zan taka wurin. Ke dai bari!" Ni ma fa ba a bar ni a baya ba. Ina tuƙi ina waƙa, ina ba marasa lafiya magani ina murmushi ni kaɗai, har wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko wani abu ya samu.

Rigimar farko a kan takalmi aka yi ta. Malam, sunan da Mama ta raɗa wa dattijon nan ke nan, ya ce kowa ya nemi kambas mai ƙarfi. Na kai ta wani katafaren kanti a titin Wendover, ta zauna tana kallon ƙafafunta cikin farin kambas a ƙarƙashin zani.

"Yanzu fisabilillahi haka zan shiga ƙasar Ubangijina? Kamar mai shirin buga ƙwallo?"

"Mama, duwatsu ne a wurin."

"Ni za ki gaya wa dutse?"

Ta saka dai. Kullum da yamma muka riƙa bin gefen titin unguwarmu muna motsa ƙafa, mu wuce gonar wani mai dawakai, mu kai wajen majami'ar da ke kan kwana, mu juyo. Mako biyu kacal ta fara barina a baya. Ta kan tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Wai ke ce yarinyar, ko ni?"

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne minti goman nan. A darasi na ƙarshe Malam ya gayyace mu gidansa a unguwar Irving Park, irin gidajen da sai ka goge ƙafa sau biyu kafin ka shiga. Cikin matafiyan akwai likitoci, akwai lauya, akwai wata mata da ke karanta Helenanci, tsohon harshen Littafi Mai Tsarki, kamar ruwa. Aka zagaya da kwando cike da 'yan takardu, kowa ya ɗauki sunan wurin da zai yi bayani a kai. Mama ta sa hannu da bakinta har kunne, ta miƙo mini in karanta. Gidajen talakawan Kafarnahum.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: kunya nake ji. Na hango ta tsaye a gaban mutanen nan da ɗankwalinta, tana kame-kame, su kuma suna yi mata murmushin tausayi irin wanda ake yi wa ƙaramin yaro. Mama ba ta taɓa zama a aji ba. Karatun Hausa ma a zumuntar mata ta koya, da girmanta, tana bin layi da yatsa. Na bi Malam har kicin na ce masa don Allah ya ɗauke mata wannan nauyi, ni zan yi nawa in yi nata.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ita ta ce ba ta so?"

"A'a, amma..."

"To, ta yi da harshenta, ke ki fassara mana."

Da na ga ba mafita, sai na zauna na haɗa mata bayani shafi uku daga littattafan da aka ba mu, da ƙarni kaza da sarki kaza, na juya shi Hausa, na buga da manyan baƙaƙe. Ta karanta rabin shafi tana motsa leɓe, ta ɗago.

"Wannan maganar wane ne?"

"Taki ce, Mama. Ita za ki karanta."

"Oho." Ta ninke takardar huɗu ta cusa a jaka, ta tashi ta ɗora tuwo.

Tafiyar kuwa, kai! Ba ni da bakin ba da labarinta duka. Malam mutum ne da in ya ga tsohon bango sai ya manta shekarunsa. Zai tsuguna ya ɗauko ɗan gutsuren fasasshiyar tukunya, ya juya shi, ya ce mana wannan hannun tulu ne, wata mata ce ta riƙe shi tana zuwa rijiya. Mun shiga ramin ruwa da aka sassaƙa cikin dutse, mun sauka matakala har gwiwa ta fara rawa. Mun ga daɓen wata tsohuwar majami'a da aka yi wa ado da ƙananan duwatsu masu launi, da hoton kifi da gurasa. Mun tsaya a kan wani tudu inda gari ke kan gari, wani a kan wani, kamar an jera faifai. Mama ce kullum a gaba, jakarta a hammata. Ranar da muka fara hango Tekun Galili daga cikin mota, ta rangaɗa guɗa har direba ya taka birki. Turawan nan suka yi ta dariya suna tafi, matar nan mai Helenanci ta ce a koya mata. Ni kuwa ina dariya ina share hawaye, don ban taɓa ganin mahaifiyata cikin irin wannan farin ciki ba.

Amma kowace safiya in na duba jadawali, sai in ga Kafarnahum ta ƙara matsowa. Na yi nawa bayanin a rana ta huɗu, ban ma san me na faɗa ba. Nata nake tunani.

Rana ta shida, da hantsi, muka isa. Wurin ba wani abin kallo ba ne in ba a gaya maka ba: ragowar bangaye na baƙin dutse, iya gwiwa ko ƙugu, ɗakuna ƙanana a cushe da juna, teku na ƙyalli a bayansu. Malam ya tara mu a inuwa kusa da shingen ƙarfe, ya ce yau Mama ce malamarmu.

Na ce a hankali, "Mama, takardar."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta gyara ɗaurin zani, ta ɗan rusuna wa Malam, ta ce, "Gaishe mini da su. Ki tambaye su gajiya, da mutanen gida da suka baro."

"Mama, minti goma ne fa."

"Gaishe su, na ce."

Na gaishe su. Suka amsa suna murmushi, irin murmushin da nake tsoro.

Sai ta juya ta leƙa ta kan shingen, ta buɗe hannuwanta tana auna faɗin wani ɗaki da ido. Ta ce, "Gaya musu mutanen garin nan ba su da dogon itace. Dubi ɗakunan, duk matsattsu. Magini ba ya yin ɗaki ya fi azararsa faɗi."

Na tsaya. Azara na sani, itacen da ake gittawa a kan bango a ɗora rufi. Amma ina Mama ta san wannan lissafi? Na fassara. Malam ya cire hula.

Ta ci gaba, muryarta na ƙara ƙarfi. Ta ce mahaifinta magini ne, ba shi da ɗa namiji sai daga baya, don haka ita ce ta yi shekara tara tana miƙa masa laka a kan soro. Ta ce bangon da aka jera dutse a kan dutse haka ba zai ɗauki kaya mai nauyi ba. Azara za a gitta, a shimfiɗa kara ko zana, a zuba laka, a daɓe ta, ta bushe, a sake zubawa. Ta nuna wasu 'yan matakala da suka rage a jikin wani bango ta ce ta nan ake hawa, don duk shekara kafin ruwan fari sai an hau an yi sabon yaɓe. Tana faɗa ina juyawa, kuma dole in kasa kunne da kyau, don in na yi sakaci da kalma ɗaya sai zaren ya tsinke. Sau biyu na ce, "Mama, tsaya, mene ne wannan?" ta yi mini bayani a gaban mutane, ni mai digiri.

Daga nan ta shiga labarin da kowa a wurin ya sani, na shanyayyen nan da abokansa huɗu suka rasa hanyar shiga saboda cunkoso, suka fasa rufi suka zuro shi a gaban Almasihu.

"Ku kuna karantawa kamar murfin tukunya suka ɗaga," in ji ta. "Busasshen rufi? Da hannu? Haba! Sai da suka aro fartanya. Kuma duk wanda ke cikin ɗakin nan ya sha ƙasa a ka, har da Mai wa'azin. Ni na san yadda take zubowa, har cikin kunne."

Da na fassara, wurin ya kece da dariya, ta gaske wannan karon. Lauyan nan ya fito da biro yana rubutu. Mama ta jira suka lafa, sannan ta sassauta murya.

"Abin da ba a rubuta ba, ni kuwa kullum shi nake tunani, matar gidan ce. Rufin laka in aka huda shi, ko wane gwani ya toshe, inda sabuwar laka ta haɗu da tsohuwa sai ya yi yoyo. Mara lafiya ya warke ya ɗauki tabarmarsa ya tafi, jama'a sun watse. Ita kuwa duk damina sai ta kawo kwano ta tara a daidai wurin. Kuma ina jin ba ta taɓa yin tsaki ba. Duk baƙon da ya tambaye ta, za ta ce masa, zauna in gaya maka abin da ya faru a ɗakin nan."

Na fassara musu wannan har ƙarshe. Can Malam ya ce shekara talatin yana kawo mutane wurin nan, bai taɓa tuna matar gidan ba. Ya roƙi Mama ta nuna masa da hannu yadda ake daɓen. Minti goma suka koma arba'in, mutane na ta jefo tambaya, ni ina tsakiya ina kaiwa ina kawowa, kaina ya yi girma kamar ni na haife ta.

Da aka sallame mu mu ɗan huta, muka samu benci a bakin ruwa mu biyu. Ta cire kambas ɗin tana murza yatsun ƙafa. Ni har lokacin murna ba ta sake ni ba.

"Mama, kin ga yadda suka yi? Kin ga Malam? Wallahi kin fi kowa! Ashe Kaka magini ne har kika yi aiki da shi? Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Na sha farawa," in ji ta, ba tare da fushi ba. "Ran da rufin garejinki ya yi yoyo ma na fara. Kika ce in bari, za ki kira masu gyara."



Ta dafa gwiwata tana kallon ruwan. "Kada ki ɓata rai, yau ranar murna ce. Ni ba tafin Turawan nan ne ya fi yi mini daɗi ba. Shekara shida ina gidanki, yau ce rana ta farko da na yi magana kika saurare ni har na kai ƙarshe."