Na Ce Ban Gani Ba, Alhali Na Gani

A shekarun da arzikin man fetur ya fara shigowa, ni tela ne a wata 'yar rumfa bakin titi, dab da Ƙofar 'Yandaka. Ban daɗe da aure ba, kuma Allah ya zuba mini kunya, ko dattijo ne ya taka ni, ni ke ba shi haƙuri. Lokacin ba a jima da mayar da tuƙin mota hannun dama ba, direbobi da yawa ba su gama sabawa ba.

Wata rana da hantsi, wani Alhaji ɗan kwangila na unguwarmu ya fito da sabuwar motarsa, ya sha'afa ya bi hagu irin na da. Sai ga a-kori-kura daga Batagarawa tana tafe a kan hannunta. Direban ya yi ƙoƙarin kauce masa, ya kwashe wani tsoho mai tallan goro a gefen titi, nan take tsohon ya cika. Duk a kan idona. Shi kuwa Alhajin aminin mahaifina ne, shi ne ma ya karɓa mini aure. Wallahi bai ba ni komai ba, bai kuma ce in yi ƙarya ba. Ya dai zo rumfa, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya ce ya san ni ɗan halak ne.

A kotu aka sa na yi alwala na dafa Alƙur'ani. Da alƙali ya tambayi hannun da motar Alhaji ta biyo, na ce kaina na sunkuye kan ɗinki, ƙara kawai na ji. A wautata, tunda ban ɗora wa kowa laifi ba, na fita lafiya. Sauran shaidu biyu suka ce direban ne ya kwaso gudu. Aka ɗaure shi, aka karɓe lasisinsa.

Bayan ya fito, sai ga shi a rumfata, ya rame, ya koma dako a kasuwa. Na zaci zai zage ni. Ashe godiya ya zo yi. Ya ce duk waɗanda suka tsaya gaban alƙali ni kaɗai na ji tsoron Allah, da ban gani ba na ce ban gani ba. Har addu'a ya yi mini, ni kuma na amsa da amin. Na yi ta cewa gobe zan neme shi in faɗa masa, har na ji labarin rasuwarsa.

Jama'a, ɓoye shaida ma ƙarya ce, kunyar manya kuma ba za ta tsaya wa kowa ba ranar hisabi. In an kira ku, ku faɗi abin da idonku ya gani. Yau na tsufa, da zagina bawan Allah nan ya yi wataƙila da na manta, amma addu'arsa ta hana ni sakat.