Baƙuwar Hajiya ta Cikin Kwamfuta

Shekarar da jami'armu ta sa ni cikin malaman da za a yi wa bita kan koyarwar haɗin gwiwa ta intanet, murna ta cika ni. Tsarin shi ne a haɗa kowane malami da wani na wata ƙasa. In jininsu ya haɗu, su haɗe azuzuwansu, ɗalibai su yi aiki tare. Ɗalibaina da yawa 'yan Faskari ne da Sabuwa, wasu ko Kano ba su taɓa zuwa ba. Na ƙwallafa rai su sami wannan dama.

Aka haɗa ni da wata Baturiya mai koyar da ilimin noma kamar ni. Duk sanda mai bitar ya ware mu mu biyu, sai in fara yadda aka rene ni: ina gajiya, ya aiki, ya mutanen gida. Ita kuwa ta amsa a gajarce, ta buɗo jadawali. Abin ya riƙa ƙona mini rai. Na fara fid da tsammani, don a ƙarshen bitar kowa na iya neman a sauya masa abokin aiki.

Zaman ƙarshe ya same ni a gida Ƙanƙara, lokacin kaka. Na zauna gindin rumbu, don nan kaɗai sabis ke tsayawa. Mahaifiyata na gefe tana ɓarar gyaɗa.

"Ke, da wa kike ta surutu tun ɗazu?"

"Abokiyar aikina ce, Hajiya."

"Baƙuwa ta shigo mani gida ba mu gaisa ba? Mi ke damunki? Juyo da abin nan."

Ba a musu da Hajiya. Na juya kwamfutar, na koma tafinta. Hajiya ta gyara mayafi ta jero gaisuwa ba gaggawa, har ta kai ga, "Tsohuwarki tana lahiya?"

Na fassara wa Baturiyar. Sai ta ce mahaifiyarta na kwance a asibiti tun kafin a fara bitar, daga gefen gadonta ma take shiga wasu zaman. Hajiya ta ajiye faranti, ta yi ta jero addu'a, ta kuma umarce ta da ta riƙa cin abinci, don mai jinya ma majinyaci ne.

Da na juyo da kwamfutar, matar na share ido. Ta ce da ta ɗauka gaisuwata ta baki ce kawai, ba ta san ana jiran amsa ba. Sannan ta tambaya ko ɗalibaina ma haka za su yi wa nata.

Na ce ai ba mai iya hana su.

Ta jawo jadawalin da take ji da shi, ta share makon farko kaf, ta ce a bar musu shi su gaisa.