Hajiya Safiyatu da Littafin Sojojin Amurka

Duk unguwar Misfala ta Makka ba wanda ya kai Hajiya Safiyatu zargi. Ni maƙwabciyarta ce tun ina amarya, kuma har yau in na kai mata tuwo sai ta leƙa ƙasan kwano. A Makka aka haife ta, a gidan da kakanta Issoufou ya gina bayan ya zo a ƙafa daga ƙasar Ƙonni. Sana'arta saukar da alhazai: da aikin hajji ya ƙarato sai ta kwashe iyalinta su koma saman soro, ta bar wa baƙi ɗakuna. Amma ba mai ajiye jaka sai ya faɗi garinsu da sunan kakansa. In ya ce Kano ko Zariya, ta miƙa masa makulli. In ya ambaci Ƙonni ko Illela, ta ba shi ɗaki mafi kyau, sannan ta sa masa ido har ya tafi. Mun sha yi mata tsiya, ba ta taɓa faɗin dalili ba.

Sai ga Nu'uman, ɗalibin hadisi ɗan Illela, ya zo neman auren jikarta Kausar. Yarinya tana sonsa, uban ya amince, saura bakin Hajiya, wanda in bai buɗe ba babu ɗaurin aure a gidan.

Ranar da ya zo gaisuwa ya ajiye jakarsa ya tafi alwala. Hajiya kuwa ba ta ganin jaka ta ƙyale. Ta zaro wani littafin Turanci mai hoton maza da dogayen bindigogi, ta aika a kira ni.

“Maryama, dubi abin da mai karatun hadisi yake yawo da shi. Wallahi akwai abin da ya kawo yaron nan.”

Na ce mata littafi ne kawai, ta harare ni. Daga ranar ta hana Kausar ɗaukar wayarsa. Ta ce tafiyarsa irin ta soja ce, ta ce yana yawan kallon hoton Issoufou da ke bango. Kausar ta yi kuka har ta rame. Ni kam raina ya ɓaci, na ce mata ko dai ta tambaye shi ido da ido, ko ni in tambaye shi a gaban mutane.

Aka kira shi bayan la'asar. Ya zauna a bakin tabarma, ta tura masa littafin da ƙafa.

“Ya waladi, me ya haɗa ka da sojan Amurka?”

Ya ce kafin ya zo Makka tarihi ya karanta a gida, kuma bai daina bibiya ba. Littafin yana bayani ne kan yaƙin da mutanen Amurka suka yi da Ingila tun farkon kafuwar ƙasarsu, da yadda yaƙin ya taɓa talakawa. Manoma ne ake tarawa, in lokacin girbi ya yi wasu su sulale su koma gona. In an kira mai hali, yakan tura wani a madadinsa, wani lokaci ma bawansa.

Na ga hannun Hajiya ya tsaya a kan carbi.

“To in wanda aka tura ya gudu fa?”

“Sitti, gurbin ba ya zama haka nan. Sai an nemo wani ya cike.”

“Halas, ya isa haka,” in ji ta. “Ka daina zagaye-zagaye. Wa ya aiko ka? Jikan Datti ne kai?”

Nu'uman ya dube ni, na dube shi. Ba mu san wani Datti ba.

Nan ta faɗi abin da ko 'ya'yanta ba su sani ba. Ba niyyar hajji ce ta fara fito da Issoufou daga gida ba. Faransawa ne suka nemi samari don yaƙinsu, mai gari ya ɓoye ɗansa ya ba da Issoufou. Shi kuwa ya tsere a hanya ya yi gabas. Sai da ya tsufa wani alhaji ya gaya masa cewa ƙaninsa Datti aka ɗauka a gurbinsa, kuma ba wanda ya san ko ya dawo. Kafin Issoufou ya rasu ya bar wasiyya: duk wanda ya zo daga wajen, a tambayi sunan kakansa, don wata rana jinin Datti zai zo ya tsaya a ƙofar nan ya nemi ba'asi.

Nu'uman ya rantse cewa kakansa maƙeri ne, sunansa Idris, bai taɓa barin Illela ba. Ta sa ya maimaita. Ta tambayi na wajen uwa, ya faɗa. Babu Datti.

Na ɗauka za ta yi ajiyar zuciya, tunda abin da take tsoro bai faru ba. Sai na ga hawaye na bin kumatunta, ni da ban taɓa ganin kukanta ba ko a ranar da mijinta ya rasu. Tausayinta ya kama ni.

Ta share fuska da mayafi, ta ce a gaya wa uban Kausar ya sa rana. Da Nu'uman ya tashi zai tafi, ta riƙe bakin rigarsa.

“In ka je gida, ka tambaya mini. Ko mutum ɗaya ne ya rage a jinin Datti, ka ce masa ɗakinsa yana nan a share.”