Sunan Malam a Bayan Mota

Mukhtaru ne ya ɗauko ni daga filin jirgin Jidda ranar da na dawo daga karatu a Malesiya. Maƙwabcinmu ne a unguwar Mansur ta Makka, a nan aka haife shi, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Aikinsa kai malamai mata makaranta da safe, ya kwaso su bayan azahar. Kafin ya saka akwatina a mota sai da ya ciro tsumma daga aljihu ya goge lambarta. Motar tsohuwa ce, ƙofar baya ma sai an ɗaga ta take rufuwa, amma lambar sai ƙyalli take. Haruffan Larabci uku ne, nun da wawu da ra.

"Sunan Malam ne," in ji shi.

Malam Nuru mahaifinsa ne, tela a unguwar Misfala, mutumin Gezawa da ya zo hajji da ƙuruciya bai koma ba. Ya rasu ina can Malesiya. 'Ya'yan Mukhtaru duk mata ne, bai samu namijin da zai mayar wa sunan ba. Da ya ji labarin wani dattijo a Ɗa'if na son rabuwa da wannan lambar, sai ya tattara abin da ya samu na jigilar alhazai, ya nemi mu'aƙƙib, wato mai zirga-zirgar ofisoshi a madadin mutane, don ya yi masa cinikin da takardun.

Bai je da nisa ba. Abdulwasi'u, ƙanin mahaifin matarsa Rakiya, wannan ce sana'arsa. Shi ya riƙe Rakiya, shi ya ɗaura mata aure, kuma yana da takardar zama ɗan ƙasa. A lokacin iƙamar Mukhtaru, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta kusa ƙarewa, kafilinsa da ke tsaya masa a hukumance kuma ya yi tafiya. Sai Abdulwasi'u ya aiko cewa kada lambar ta kuɓuce, a rubuta motar da lambar da sunansa shi, a ba Mukhtaru takardar izinin tuƙi, in an sabunta iƙama a mayar masa da kayansa.

"An mayar?" na tambaye shi muna kan hanya.

"Za a mayar."

"Iƙamar fa?"

"An daɗe da sabunta ta."

"To ka yi masa magana?"

Ya juyo ya dube ni. "Surukina ne fa."

Malam Nuru ya yi wa ɗansa tarbiyyar Gezawa a tsakiyar Makka. Mukhtaru bai taɓa faɗar sunan Abdulwasi'u ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya hango shi a bakin lungu sai ya sake hanya. In gaisuwa ta kama, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya tsuguna, idonsa a ƙasa har a sallame shi. Samarin unguwa sun daina wannan tuni, wasu ma sumbatar goshin surukansu suke yi su zauna kusa da su ana shan gahawa. Mukhtaru bai daina ba, kuma Abdulwasi'u ya san haka sarai.

Don haka Rakiya ce 'yar aike. Ta je unguwar Shisha, inda baffan nata yake, ta dawo da amsa. Yau a ce gobe in sha Allahu. Gobe a ce na'urar ofishin motoci ta tsaya. Wata rana ya ce mata, "Mafi mushkila, ba matsala, ke da ni ai duk gida ne, mijinki gani yake zan gudu da ƙarfe?" Ana cikin haka Mukhtaru ne mai kai iyalin gidan kasuwa, shi ne mai sauya musu tukunyar gas, shi ne mai ɗauko baƙinsu daga Jidda. Ko man mota ba a taɓa zuba masa ba.

Shekaru suka tafi a haka. Sai Abdulwasi'u ya saya wa ɗansa Abdulquddus sabuwar mota, saurayi ne da Hausar ma da ƙyar take fita a bakinsa. A wata walima na gan shi tsugune bayan motar Mukhtaru yana ɗaukar hoton lambar da waya. Ba a yi nisa ba Rakiya ta dawo daga Shisha fuska a murtuke. Baffa ya ce ba zai sabunta izinin tuƙi ba sai an yi musayar lamba, wai irin wannan ba ta dace da tsohuwar mota ba.

Mukhtaru ya ce in raka shi. Bayan la'asar muka je. Muka tarar da Abdulwasi'u kishingiɗe a ɗakin baƙi, sanyin na'ura na kaɗa shi, yana cin dabino yana tofa ƙwallon a cikin kofin shayin da bai gama sha ba. Mukhtaru ya tsuguna a bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, an gaida yara, an gaida zafi, an gaida aiki.

"Baba, maganar lamba ce," in ji Mukhtaru.

"Wace lamba?"

"Ta motata."

"Kana da mota ne, mijin Rakiya?" Ya yi dariya, ya sake tofa ƙwallo. "Ikon Allah. Ni dai a takarda mota biyu nake da ita, ban san ka sayi taka ba. Ai da ka faɗa mun zo mun sa albarka."

"Baba, sunan mahaifina ne a jiki."

"Allah ya jiƙansa. A kan kabari ake yi wa mamaci addu'a, ba a bayan mota ba."

A nan Mukhtaru ya ɗago kai. Kallonsa kawai ya yi, ido cikin ido, karo na farko tun ranar ɗaurin aure. Abdulwasi'u ya miƙe zaune a hankali, kuma na rantse murna na gani a fuskarsa.

"Yau ni mijin Rakiya yake kallo," ya ce da ni. "Kai ne shaida."

Kafin sallar isha'i labari ya gama Mansur. Aka sa zaman sulhu a gidan Malam Yari, dattijon da 'yan unguwa ke kai wa ƙara. Mutanen da suka san yadda aka sayi lambar suna wurin, har da wanda ya raka Abdulwasi'u Ɗa'if. Amma tun daga addu'ar buɗewa har aka tashi, maganar kallo ake yi. Wannan ya ce zamani ya lalace. Wancan ya ce da Malam Nuru na raye da ya yi kuka. Da na ce a taɓa maganar lambar, Malam Yari ya ce, "Ɗana, lamba ƙarfe ce, zumunci muke gyarawa." Rabin mutanen ɗakin takardunsu na hannun Abdulwasi'u, wannan iƙamar matarsa, wancan bizar mahaifiyarsa.

Aka yanke cewa Mukhtaru ya ba da haƙuri. Shi kuma Abdulwasi'u, don girmansa, zai mayar masa da motar da sunansa. Aka yi ta sa masa albarka saboda wannan karamci. Mukhtaru ya tsuguna ya ba da haƙurin.

Rakiya ce kaɗai ta ƙi. Ta ce a kai ƙara. Mukhtaru ya ce wa zai kai, mutumin da ya ba shi aure? Ta ce, "Ni ya ba ka, ba wuyanka ya saya ba." Tun daga ranar ba ta sake taka gidan baffan nata ba.

Aikin da ya gagara shekaru, da safe ɗaya aka gama shi. Na'ura ba ta tsaya ba. Mukhtaru ya dawo da motarsa da sunansa, da wata lamba da shi kansa sai ya duba kafin ya faɗe ta.

Yana nan yana aikinsa. Malaman da yake kaiwa makaranta sun ce bai taɓa makara ba. Da ƙaramar sallar da ta biyo baya ya ce in raka shi Shisha gaisuwa, tunda Rakiya ba za ta ba. Muka tsaya a bayan motar Abdulquddus, wadda yanzu lambar Malam ke jikinta. An buga ta a wani wuri, lambar ta lanƙwashe a gefe, kuma wani abin sha mai danƙo ya zubo a kanta ya bushe, ƙura ta manne. Mukhtaru ya fito ya tsaya yana dubawa. Ya ciro tsumma, ya jiƙa da ruwan gora, ya tsuguna ya goge harafi bayan harafi har suka fito. Sannan ya tuɓe takalminsa tun daga bakin titi ya shiga gidan.

Ni a mota na jira shi.