Kaucin da Ya Cinye Ɗorawar Inna

Har yau idan na hau mota daga Wudil zuwa Lajawa, idona a kan bishiyoyi yake. Fasinjoji suna ta hirarsu, ni kuwa ina neman kauci. Ina ganinsa a kan gawo, a kan darbejiya, a kan gwaiba a bayan gidajen mutane. Duk inda na hango curin ganye mai kauri ya yi dunƙule a reshe, korensa ya bambanta da na uwar bishiyar, sai raina ya ɓaci, domin ɗorawar Inna nake tunawa.

A gonar Baba take, can kusa da iyaka. Tun yana raye ya faɗa a gaban mutane cewa gona tasa ce, amma ɗorawa ta Inna ce. Da ya rasu aka raba gado, gonar ta faɗa a rabon Yaya, babban wanmu, bishiyar kuma ta ci gaba da zama ta Inna, ba wanda ya yi musu. Da ita Inna take sana'arta. Bazara na yi za a kaɗo 'ya'yan da gora mai ƙugiya, a daka a fitar da gari, a wanke kalwa, ta wuni tana dafa ta, ta surfa, ta rufe a kwando har ta yi. Daddawar Inna har daga Utai ake aikowa a saya. Ba ta taɓa tambayar kowa sabulu ko goro ba, kuma tana alfahari da hakan duk da ba ta faɗa.

Ni ce auta, ina koyarwa a wata firamare a Wudil. A kwalejin horon malamai aka koya mana yadda kauci yake rayuwa, ni kuma na riƙe. Ba shi da saiwa a ƙasa. Wani ɗan tsuntsu ne yake cin 'ya'yansa, ƙwallon mai danƙo ya manne masa a baki, ya je ya goge a wani reshe. Nan ƙwallon zai tsira, ya huda ɓawo, ya kafa saiwarsa a cikin naman itacen. Wurin sai ya kumbura ya yi ƙullutu. Daga nan duk ruwan da bishiya ta jawo, shi zai fara sha, abin da ke gabansa na reshen kuma ya bushe. Maganinsa ɗaya ne, a sare reshen daga ƙasan ƙullutun. Tsinke ganye aikin banza ne, ƙara masa ƙarfi ma yake yi.

Shekarar da na fara ganinsa a ɗorawar, curi biyu ne kacal, a reshen gabas. Ya yi furanni jajaye sirara kamar tsinken ashana, gwanin kyau, mugun abu. Aikin hantsi ɗaya ne ga mai gatari. Na samu Yaya a shagonsa na tireda na ce, "Yaya, kauci ya kama ɗorawar Inna. A sa a sare reshen nan tun bai yaɗu ba."

Ya yi dariya ya ce, "Malama ke nan! Wa ya ce miki ban gani ba? Ai arziki ne ya sauka a gonata, ke kina cewa a sare."

Ashe wani mai magani da ke zuwa cin kasuwar Juma'a ya riga ni. Ya gaya masa kaucin ɗorawa maganin farin jinin kasuwa ne, amma da sharaɗi: kada ƙarfe ya taɓa bishiyar, da hannu za a tsinko ganyen, a bar gindin don ya sake tohowa. Yaya ya shanya ganye ya ƙulle a tsumma ya rataye a saman ƙofar shago. Ya zama mai kyauta kuma. Wannan ya zo ya roƙa, wancan ya aiko, kowa a ba shi, kowa ya yi godiya. Mutumin da ba a taɓa nemansa don wani abu ba, yanzu ana sallama da shi har gida. Na fahimci daɗin da yake ji, amma da jinin bishiyar uwarsa yake wannan alherin.

Na ce masa, "To bishiyar taka ce?"

Ya ce, "Ƙasar da take tsaye a kai fa? Kin ga, kada mu yi ta ja. In Inna ta ce min da bakinta in sare, wallahi a ranar zan sare."

Wannan maganar ita ta fi ƙona min rai, don ya san abin da yake yi. Yaya ɗan fari ne. Inna mutuniyar da ce, tana kunyarsa irin ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yayanku". In ya shigo gaishe ta, kanta a sunkuye, amsa biyu ta gama. Tunda nake ban taɓa jin ta ce masa yi ko bari ba. Ya ɗauki kunyar da take girmama shi da ita ya kafa ta a bakin gona ta zame masa shinge.

Na koma wurin Inna ina huci. Na ce, "Inna, kalma ɗaya ce fa. Ki ce masa ya sare, shi ke nan."

Tana tsince tsakuwa a kalwa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni zan buɗe baki in yi jayayya da yayanku a kan itace? Haba auta. Ai yana da ido."

Na ce, "Idon nasa yana kan ƙofar shago."

Ta ce, "Kul. Kada in ƙara ji."

Na yi fushi da ita ranar, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi da kawunmu da na kai wa ƙara ya ce maganar uwa da ɗa ce, shi ba ya shiga. Na taɓa ɗauko mai sara daga Wudil, muka je har gindin bishiyar. Da ya ji gonar ba tawa ba ce, kuma mai ita bai yarda ba, ya saɓa gatarinsa ya ce in yi haƙuri. Da ni namiji ce da na hau da kaina. Na tsaya a ƙasa ina kallon abin da na san maganinsa, ba yadda zan yi.

Curi biyu suka zama bakwai, daga nan na daina ƙirgawa. Tsuntsayen ba sa tafiya nesa, su ci a wannan reshe su goge baki a na kusa da shi. Masu tsinka suna tsinka, shi kuma yana ƙara cunkushewa. Abin haushi, lokacin da ɗorawa ta zubar da ganye da rani, sai ka hango ta kore shar daga nesa, mutane suna cewa dubi albarka. Ba ganyenta ba ne ko ɗaya. Furanninta masu reto suka ragu. Kwandunan Inna suka koma biyu, sannan ɗaya. Masu aikowa daga Utai suka gaji da jin babu, suka daina. Ranar da Inna ta kira ni gefe ta ce in ƙanƙanin sabulu ya rage min in kawo mata, sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Shagon Yaya kuwa yana nan yadda yake, bai ƙaru da ko kantar kaya ɗaya ba. Da na faɗa masa haka, cewa ya yi ba don kaucin ba da tuni ya rufe. Mutumin da yake irin wannan lissafin ba ka da ta inda za ka kama shi.

A shekara ta shida damina ta sauka, komai ya yi tsiro, ɗorawa ba ta toho ba. Kaucin ya ɗan ƙara makonni yana kore a kan gawarta, sannan shi ma ya yanƙwane ya zube. Masu roƙo suka ɗauke ƙafa. A lokacin ne ƙarfe ya halatta. Yaya ya kawo masu injin yanka suka kayar da ita cikin yini ɗaya, don inuwar busasshen itace ba ta da amfani kuma tana cin wurin shuka. Ya cika amalanke da faskare ya aika gidan Inna, wai ai itacenta ne, ba zai ci haƙƙinta ba.

Ina gidan aka sauke. Na ɗauki wani guntu mai ƙullutu, an tsaga shi biyu, ga saiwar kaucin nan ta ratsa har tsakiya. Na so in kai masa shago in ajiye a gabansa. Inna ta karɓe daga hannuna ta juya shi tana dubawa, ta daɗe. Sai ta ce in je kasuwar Juma'a in auno mata kalwa, ta wani ce ko ta wace gona, ba ruwanta.

Na auno na kawo. Ta ɗora babbar tukunyarta a murhu, ta jera faskaren ɗorawar a ƙarƙashi, ta hura wuta. Itacen ya bushe sosai, nan da nan ya kama. Ta zauna a kujerarta 'yar tsuguno tana tura shi ciki guntu bayan guntu.

Da la'asar Yaya ya shigo gaisuwa. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, an kawo itacen kuwa?"

Na zuba mata ido, ina cewa a raina ko yau za ta faɗa masa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "An kawo. Allah ya yi albarka."

Ya tashi ya fita da fara'arsa. Ta ɗauki guntun nan mai ƙullutu, wanda ta ware a gefe tun ranar da aka sauke, ta tura shi cikin wutar. Ban gaishe da Yaya ba sai da Sallah ta zagayo, kuma ko a ranar don idon Inna na yi.