Saƙon Inna Zuwa Gidan Hakimi

Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Yafendo, tana nan da ranta a Bakura, a wani ɗaki da ke bayan gidan kawunmu, tana sayar da daddawa. Daga Talata Mafara inda nake zuwa can ba wata tafiya ba ce, amma ban taɓa zuwa gaishe ta ba, kuma ba ni da niyya. Masu yi mini wa'azin zumunci sun yi har sun gaji. Ba na son matar nan, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa ba.

A gidan sarautar wani gari ta wajen Maradun ta yi aure, ta haifi ɗa namiji. A wurinmu mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma ba ita ke riƙonsa ba. Don haka ana yaye shi aka kawo wa yayarta, wato Innarmu. Tabarma ɗaya muka kwanta da shi, akushi ɗaya muka sa hannu. Da ƙyanda ta kama shi Inna ce ta yi kwana bakwai ba ta runtsa ba, ita ta yi jinyar kaciyarsa, ita ta bi shi da tsumagiya zuwa makarantar allo. In ana rabon ƙanzo nasa ya fi nawa, in na yi ƙorafi ta ce shi amana ne. Inna yake ce mata, uwar da ta haife shi kuma Yafendo, kamar yadda muke cewa. In Yafendo ta zo ganin gida ta hango shi, sai ta ja mayafi ta kau da kai, mata suna yaba kunyarta.

Ranar da aka naɗa shi hakimi bayan rasuwar mahaifinsa, kunyar shekara arba'in ta bi ruwa. Sunansa dai ba ta faɗa ba, amma "ɗana sarki" bai sake barin bakinta ba. Aka gyara mata sashe guda a gidan sarauta, aka sa tayil da fanka mai aiki da hasken rana. Duk mai neman wani abu a wurin hakimi, ko gona ce a fadama ko rikicin gado, ya san ta ƙofarta ake bi. Kawunnaina uku, waɗanda da kaza ba su taɓa mallaka ba, suka tattara suka koma can. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wannan ya sami gonar shinkafa, wancan ya sami babur da kujerar Makka, ƙaraminsu da ko gaisuwa bai iya ba aka fara ce masa ranka ya daɗe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inna ta je sau ɗaya, bayan naɗin da wata biyu. Aka ajiye ta a rumfa tare da masu kawo ƙara tun hantsi har azahar, sannan aka shigar da ita ta sami ƙanwarta a kan kujera, ita kuma aka nuna mata tabarma. Hakimin ya leƙo suka gaisa a tsaye, fadawa suka janye shi. Ta dawo gida, ba ta sake zuwa ba. Shi ma bai zo ba. Duk sallah yakan aiko da buhun shinkafa da turmin atamfa, ita kuma ta sa a shanya shinkafar a tsakar gida don maƙwabta su gani. Wannan shanyar ta fi komai ƙona mini rai.

Shekara tara ana haka. A daminar da aka katse layukan waya saboda ɓarayin daji, Inna ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, ko kunu ba ya wucewa. Abu ɗaya take nema, ta ga yaron nan kafin ta cika. Na ce mata hanya ba ta biyuwa. Ta ce ai shi yana da masu rakiya, ni dai in kai saƙo. Na hau babur na bi ayarin masu kai kaya.

Na iso aka ce hakimi yana ganawa da baƙi, in fara shiga wurin mahaifiyarsa, wato Yafendo. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, muka yi gaisuwar nan mai tsawo, har kaji da awaki ta tambaya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta daɗe tana jan carbi.

Ta ce, "Sarki ba shi hita wagga hanya don dubiya. In an ɗauke shi, kai ka biyana? Ka tai ka ce mata Allah shi ba ta lahiya. Ni ka hwaɗa mai da bakina."

Na roƙa a bar ni in gan shi ko daga nesa. Babban kawuna ya kama hannuna ya raka ni har bakin zaure, yana cewa in yi sauri kada ayari ya bar ni. Aka ɗaura mini kaji biyu a bayan babur.

Na dawo na ce wa Inna saƙo ya isa. Ta sa aka share tsakar gida, aka shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakinta. Duk ƙarar mota ta ji a layinmu sai ta ce a tayar da ita zaune a gyara mata ɗankwali. Kwana shida ta yi a haka. Ta cika da safiyar na bakwai. Muka yi mata sutura, ban aika wa kowa a garin can ba. Dattawan unguwa suka ce bai kamata ba, na ce babu waya, hanya kuma ba kyau. Gaskiyar magana, ko da hanya shimfiɗar siminti ce ba zan aika ba.

Ba a yi sati uku ba na ji a tasha cewa an tuɓe wa hakimin rawani, wai ana zarginsa da hannu a harkar mutanen daji. Ban san gaskiyar wannan ba. Abin da na sani, kawunnan nan suka watse, aka karɓe gonakin, Yafendo kuma a amalanke aka fito da kwanukanta.

Wata la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga shi ya sauko daga bayan babur, shi kaɗai, da 'yar hula da jallabiya. Ya rame. A hannunsa akwai goro ɗaure cikin ganye, farin nan da Inna take so. Muka gaisa. Na tambaye shi ko an ba shi saƙona. Ya ce Yafendo ta gaya masa na zo gaisuwa, kowa lafiya. Ya sunkuyar da kai, ya ce duk duniya yanzu ba inda yake so ya zauna sai gaban Inna.

Ya ce, "Yaya, yi man iso wurin Inna."

Na dube shi. Na san ba shi ya riƙe saƙon ba. Na kuma san shekara tara ba sai an aika masa saƙo ba.

Na ce, "Ka san ɗakin. Shiga."

Ya tuɓe takalmansa a zaure ya wuce. Ina zaune ina jin sallamarsa a ƙofar ɗakin, ya yi ta farko, ya yi ta biyu, ya ɗan dakata, ya ɗaga murya ya yi ta uku.