Shu'aibu Mai Ɗanɗana Laka

Shu'aibu ɗan Sarkawan Yauri ne, masunta tun kaka da kakanni. Gajere ne, ba shi da kyau, hira ma bai iya ba. Shekara tara yana jidar kwalaye can ƙetare, a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, kafin wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi saboda ya iya nitso.

Aikin kamfanin gyaran ƙasan teku ne. A wani wurin kamun kifi laka ta ruɓe, ta yi baƙi, tana warin ɓataccen ƙwai. Kawa, naman ruwan nan mai ɓawo biyu, duk ta mutu. Sai su kwaso ɓawonta daga gidajen abinci, su shanya shi wata shida, su zuba a ƙasan ruwa tare da yashi mai tsabta, ko ƙananan kawa za su sami abin maƙalewa. Shu'aibu ne ke sauka ya baje shi.

Can ƙasa yake jin daɗin duniya. Haske na saukowa kore-kore yana lilo. Wani lokaci sai ya ga kamar kwalekwalen babansa ne ke giftawa a samansa, har ya jiyo tsohon yana cewa ƙasan ruwa mai rai ƙara take yi, kamar ana suyar ƙosai. Nan kuwa shekara biyu ke nan, shiru.

Ran nan a cikin jirgi, Muhsinat, 'yar Kadunar da ke kula da gwaje-gwajen lakar, ta rufe kwamfutarta.

"Baba Shu'aibu, khalas, shi ke nan. Gwaji uku, babu komai. Gobe zan rubuta a bar wurin nan."

"Bari in sauka sau ɗaya, 'yata."

"Me ka manta a can? Ko mata ka ajiye?"

Ya sauka. Ya kara kunne a ƙasa. Can nesa-nesa ya ji tas, tas, kamar mai ya fara zafi a kasko. Ya bi ƙarar, ya damƙo laka, ya fito. Ya shinshina, babu wari. Sai ya kai baki, yadda babansa ke yi kafin ya kafa tarkon kifi.

"Subhanallahi! Baba, ai ba tuwo ba ne!"

Ya tofar a tafin hannu, da jini. Ga gutsuren ɓawo, ga ƙananan kawa uku maƙale a jikinsa. Ba su kai farcen jariri ba, amma bakinsu kamar reza.

Muhsinat ta daɗe tana kallo.

"A ina ka ɗebo?"

"Gefen gabas, inda na'urarki ba ta zuwa."

Ta buɗe kwamfutar. Ba a bar wurin ba.

Kwana biyar Shu'aibu bai iya cin yaji ba. Har yau yana nan a ɗakinsa na unguwar Abu Hail, kullum da safe ya nufi jirgi. Ya ce suyar ta fara kankama.